Turbo Ya Daina Turi? Kafin Ka Sayi Sabo, Ga Yadda Ake Gano Matsalar a Tsohuwar Audi TT

Yau za mu ɗan ajiye maganar wayoyi mu leƙa ƙarƙashin bonet, kodayake za ku ga cewa a nan ma kwamfuta ce za ta raba gardama.

Alamar dai sananniya ce. Mota ta tashi lafiya, ba ta jijjiga, ba ta hayaƙi, a cikin gari ba ka jin komai. Amma da ka hau babbar hanya ka taka totur a giya ta uku, turin nan da ke manna bayanka da kujera babu shi. Inji na ta ihu, allura na hawa a hankali kamar an ɗaura wa motar tirela. Abin da yawancin mutane ke fara cewa shi ne "turbo ya mutu", kuma idan ka shiga gareji da wannan maganar a bakinka, akwai yiwuwar a amsa maka da to, a rubuto maka kuɗin sabo. A Ingila, kuɗin sabon turbo da kuɗin aiki kan iya kusantar abin da ka sayi tsohuwar motar gaba ɗaya. Abin haushin shi ne a canza shi, a fito, matsalar na nan inda take, domin tun farko wani tiyo ne mai kaurin yatsa ya tsage. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Za mu yi misali da Audi TT ta farko, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2006, mai injin 1.8T. Dalili biyu ne. Na farko, tana cikin motocin tsere mafi araha da matashi zai iya mallaka a Birtaniya yanzu. Na biyu, dangin injin nan ne a cikin Golf 4 da Passat da Audi A3 da A4 na wancan zamanin, don haka wanda ke Kumasi ko Yamai da tsohuwar Golf mai turbo zai amfana da kusan duk abin da ke nan. TT ɗin ta fi fitowa kala biyu: mai ƙarfin doki 180 da ƙaramin turbo K03, da mai 225 da K04. Mai 225 ita ce mai bakin salansa biyu a baya.

Yadda matsin ke samuwa, da wanda ke riƙe da linzaminsa

Turbo farfela biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta ɗaya, ɗayar kuma tana zuƙo iska daga waje tana cusa ta cikin inji da ƙarfi. Sandar nan kan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya. Iskar da aka matse tana yin zafi, shi ya sa take bi ta wani ƙaramin lagireto na iska ta huce kafin ta isa totur. Mai 180 tana da guda ɗaya, mai 225 tana da biyu, ɗaya a kowace kusurwa ta bambar gaba.

Idan aka bar turbo ya yi yadda yake so, zai yi ta ƙara matsi har inji ya fashe. Don haka akwai wata 'yar ƙofa a ɓangaren hayaƙi wadda idan ta buɗe, hayaƙin ke kewaye farfelar ya wuce salansa kai tsaye. Mu kira ta ƙofar hayaƙi. Abin da ke buɗe ta wani ɗan gwangwani ne mai sifirin da fatar roba a ciki. Sifirin na riƙe ƙofar a rufe, matsin iska na ture shi. Sifirin nan ba shi da wani ƙarfi, da matsi ya kai wajen bar 0.3 zuwa 0.4 zai sallama.

To ta yaya motar ke kai wajen bar 0.8 a mai 180, ko kusan bar 1 a mai 225? Nan wani ɗan bawul mai lantarki da ake kira N75 ya shigo. Yana zaune tsakanin turbo da gwangwanin, kuma aikinsa yaudara ce: yana sace wani kaso na matsin kafin ya kai ga gwangwanin, sai gwangwanin ya ɗauka matsi bai kai ba, ya bar ƙofar a rufe. Kwamfutar mota, wadda kanikawan gida ke kira burenbos, ita ke gaya wa N75 yawan abin da zai sace. Riƙe wannan da kyau, domin rabin binciken a kansa ya rataya: idan N75 bai samu wuta ba, ko kwamfuta ta ƙi ba shi umarni, motar za ta koma kan ƙarfin sifirin kawai. Turbo lafiyarsa ƙalau, amma matsin bai wuce rabin abin da ya kamata ba.

Akwai kuma bawul na biyu, na mayar da iska. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur don canza giya, iskar da aka matso ba ta da wurin zuwa, sai wannan bawul ya buɗe ya mayar da ita gaban turbo. Za mu dawo kansa.

Auna kafin ka taɓa sifana

Jin jiki ba awo ba ne. Abin da kake bukata lambobi biyu ne a jere: matsin da kwamfuta ta nema, da matsin da ta samu.

Ƙananan na'urorin nan na ELM327 da ake haɗawa da waya suna da amfani wajen karanta lambar matsala, amma a wannan motar kar ka dogara da matsin da manhajar waya ke nuna maka, domin sau da yawa lissafi take yi daga awon iska, ba ainihin abin da sansa ta gani ba ne. Ƙari a kan haka, dokar da ta tilasta wa motocin fetur na Turai magana da irin waɗannan na'urori ta kama duk sababbin motoci ne daga 2001, don haka TT ta 1999 ko 2000 na iya yin biris da ita. Abin da ya dace shi ne manhajar VCDS ta kamfanin Ross-Tech. Ga motocin wannan zamanin akwai ƙaramarta, VCDS-Lite, da ke aiki da kebul mai araha da tsohuwar laftof mai Windows.

Fara da karanta lambobin matsala, ko da fitilar inji ba ta kama ba, don wasu lambobin na kwanciya shiru. 17964 na nufin matsi bai kai abin da aka nema ba. 16683, wadda ita ce P0299 a sauran na'urori, kusan maganar ɗaya ce. 17705 na cewa matsi na ɓacewa tsakanin turbo da totur. 17963 da 17965 kuwa akasin haka suke faɗa, wato matsi ya wuce kima. Rubuta su a takarda kafin ka goge. Lamba tana nuna maka unguwa ne, ba ta nuna gida, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke cewa a sayi turbo.

Sai ka buɗe rukunin awo na 115. Akwai juyin inji, nauyin da yake ɗauke da shi, matsin da aka nema, da matsin da aka samu, duk biyun a milibar. A nan mutane da yawa ke rikicewa. Lambar ta haɗa da nauyin iskar sararin da muke shaƙa, wanda a bakin teku ya kai milibar 1,013. Wato idan ka ga 1,800, ainihin turin turbo 800 ne, bar 0.8. Idan ka ga 2,000, bar 1 ke nan. Kunna makulli ba tare da tayar da inji ba: a Landan ko Jidda ko Akara ya kamata ka ga abin da ke kusa da 1,000. A Jos ko Ngaundere zai faɗo ƙasa da 900, a Abha ta Saudiyya da ke kan tsauni sama da mita 2,000 zai yi ƙasa da 800, kuma duk daidai ne. Amma idan kana Landan ta nuna maka 1,400 inji a kashe, sansar matsin ce ke ƙarya, kuma duk abin da za ka auna bayan haka shirme ne.

Yanzu gwajin hanya. Inji ya yi zafi, hanya miƙaƙƙiya babu cunkoso, giya ta uku, juyin inji wajen 2,000, sai ka taka totur har ƙasa ka riƙe zuwa wajen 5,500, manhaja na ɗaukar bayanan. Wani ne zai riƙe laftof ɗin, ba kai ba. A Birtaniya riƙe waya ko makamanciyarta kana tuƙi tarar fam 200 ce da maki shida a lasisi, kuma wanda bai cika shekara biyu da samun lasisi ba, maki shidan nan sun isa a ƙwace shi. Ka kuma sa ido a kan mil 70 ɗin babbar hanya, giya ta uku a motar nan ba ta da nisa da shi.

Ka dawo gida ka jera lambobin biyu. A lafiyayyar mota, wanda aka samu zai ɗan makara, ya kamo wanda aka nema kafin juyi ya kai 3,000, wataƙila ya ɗan haura kaɗan, sannan su tafi tare suna sauka a hankali can sama. Idan ba haka ka gani ba, yadda suka rabu shi zai gaya maka inda za ka nufa.

Idan kwamfutar ce ta janye hannu

Wani lokaci za ka ga matsi ya taso da ƙarfi, ya haura abin da aka nema sosai, sai kwatsam ya faɗi zuwa wajen 1,300 ko 1,400 ya zauna a nan. Ka tsaya, ka kashe mota, ka sake tayarwa, ƙarfi ya dawo, bayan 'yan mintuna ya sake ɓacewa. Wannan ba rashin ƙarfin turbo ba ne. Kwamfuta ce ta ga abin da ya tsorata ta, ta yanke wa N75 wuta don kare inji. Turbon da ya mutu ba ya farfaɗowa don an murza makulli. Abin dariyar shi ne mai motar na kukan matsi ya yi kaɗan, alhali asalin laifin matsi ne ya yi yawa: N75 ya maƙale, ko siririn tiyon da ke kai matsi ga gwangwanin ya tsage, ƙofar hayaƙi ba ta buɗewa a kan lokaci.

Haka kuma kwamfuta kan rage ƙarfi idan inji na tsallake wuta, kuma kwayil ɗin 1.8T sun yi suna wajen mutuwa, ko idan tana jin ƙwanƙwasa a cikin silinda. Rukuni na 020 yana nuna yawan jinkirin da take yi wa wutar fulogi a kowace silinda. Mai 225 an yi ta ne don fetur mai lamba 98. Za ta sha 95, amma da ragin ƙarfi. Wanda ke Makka ko Injamena a tsakiyar bazara, ga zafi ga fetur mai ƙaramar lamba, zai ji motar ta yi sanyin jiki da rana ta dawo daidai da asuba. Rukuni na 118 na nuna zafin iskar da ke shiga, duba shi kafin ka zargi wani ƙarfe.

Yoyon iska, inda aka fi samun ɓarawon

Idan kwamfuta na neman 1,900 ko 2,000, abin da ake samu kuma ya tsaya a 1,500 ko 1,600, sannan rukuni na 118 ya nuna N75 na aiki kusan iyakar ƙarfinsa, fassarar a fili take: kwamfuta na roƙo, ƙofar hayaƙi a rufe, amma iskar ba ta isowa. A motar da ta haura shekara ashirin, zargi na farko yoyo ne.

Ka tuna robobin nan tun daga masana'anta suke shan zafi da tururin baƙin mai. Daga sama za ka gan su lafiya, tsagar na ƙasa, ko kuma ba ta buɗewa sai matsi ya hau. Shi ya sa duba da ido ba ya wadatarwa, kuma fesa wani abu a kan tiyo inji na aiki a tsaye ba ya kama irin wannan yoyon, don a tsaye babu matsi a bututun.

Gwajin da ke aiki shi ne ka hura wa bututun iska da kanka, inji a kashe. Cire akwatin iyakilina da sansar awon iska, ka toshe bakin babban tiyon da ke shiga turbo da wani murfi, irin na bututun ruwa na roba ya isa, wanda ka huda ka sa masa bawul ɗin taya. Duk mai faci zai ba ka bawul ɗin. Ɗaure shi da kilif sosai, don idan ya kuɓuce yana fita kamar harsashi, kar ka tsaya a saitinsa. Toshe ƙaramin tiyon numfashin inji da ke haɗuwa da babban tiyon, ka kuma cire murfin zuba baƙin mai, don kada iskar ta taru a cikin inji ta ture robobin da ke riƙe mai. Sai ka sa iska a hankali da kwamfaresa mai abin daidaita matsi. Bar 0.5 ya isa a fara, kar ka wuce 0.7. Daga nan kunne ne da ruwan sabulu a kwalbar feshi. Inda ya yi kumfa, nan ne.

Matsin zai riƙa sauka a hankali ko da komai lafiya, domin iska na silalewa ta bawul ɗin inji da gefen fistin. Abin da kake nema shi ne huci mai ƙarfi, ko matsin da ya ƙi taruwa sam.

Wuraren da aka fi kamawa a TT: tarin ƙananan tiyo na numfashin inji da ke ƙarƙashin manifol ɗin shigar iska, waɗanda kan yi laushi kamar tuwo ko su bushe su karye, ƙananan bawul masu barin iska ta wuce gefe ɗaya a layin da ke zuwa birki, manyan tiyon da ke haɗa lagireton iska, musamman na ƙasa inda kilif ke tsatsa saboda gishirin da ake zuba wa titunan Birtaniya da hunturu, da kuma shi kansa lagireton, idan an taɓa bugun kusurwar bamba. Wanda ke ƙarƙashin manifol ɗin aikin haushi ne, hannu ba ya shiga, amma idan ka riga ka buɗe wurin, canza su duka. Wanda ka bari shi zai tsage wata mai zuwa.

Sai bawul ɗin mayar da iska. Na asali na roba ne da fata a ciki, kuma fatar na yagewa. Idan ta yage, bawul ɗin ba ya rufuwa da kyau, iskar da turbo ya matso sai ta riƙa zagayawa tana komawa inda ta fito. Wannan yoyon ba ya fita waje, don haka ruwan sabulu ba zai nuna shi ba. Gwajinsa minti biyu ne: cire shi, tura fistin ɗin ciki sama da bayan biro, toshe ɗan bakin da ke samansa da yatsa, ka saki biron. Idan ya tsaya a sama har sai ka ɗaga yatsa ya koma da ƙara, lafiya lau. Idan ya zame ya sauko, ya gama. Wanda aka inganta, mai lambar da ta ƙare da 710N, ba shi da tsada. Shawarata, ka bar masu fesar da iskar waje don jin "fishhh" ɗin nan. Injin nan ya riga ya auna iskar ya zuba mata fetur, idan ka zubar da ita waje lissafin ya lalace. Daɗin kunne ne kawai, motar ba ta ƙaru da komai ba.

Kar kuma a ce yoyo ƙaramin abu ne a ci gaba da hawa haka. Kwamfuta za ta yi ta matsa wa turbo ya cike giɓin, yana juyi fiye da ƙa'ida yana ƙara zafi. Tiyon da aka ƙi canzawa yau shi ke kashe turbon gaske bayan wasu watanni.

Sansar awon iska na taimakawa wajen rarrabewa

Sansar da ke bayan iyakilina, wadda ake kira MAF, tana auna giram nawa na iska ke shiga a daƙiƙa, kuma za ka gan ta a rukuni na 003. Masu harkar injin nan suna da wani lissafin kan hanya: mafi girman awon, can kusa da jan layi, ya kan kai kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin dokin motar. Wato wajen 140 zuwa 145 a mai 180, wajen 170 zuwa 180 a mai 225. Ba doka ba ce, amma tana shiryarwa. Haɗa shi da awon matsi ka gani. Iska da yawa ta shiga amma matsi ya yi ƙasa: tana zubewa a hanya. Matsi daidai amma awon iska ya yi ƙasa sosai: sansar ce ta gaji, kuma tana gajiya a hankali ba tare da ta tayar da wata lamba ba. Duka biyun sun yi ƙasa: iskar ba ta samuwa tun daga tushe, sai a koma ɓangaren hayaƙi. Inda ake ƙurar hunturu, ko inda aka sa wa mota matatar iska irin mai jiƙe da mai, sansar nan ba ta daɗewa. Idan ka zare mata waya motar ta fi tafiya, ka samu amsa. Fitilar santsi za ta kama a dashbod yayin gwajin, kar ta dame ka.

N75 da ƙofar hayaƙi

Idan matsin ya tsaya cak a wajen 1,300 zuwa 1,400 tun daga farko, ba hawa ba sauka, ƙarfin sifirin kake gani. Zare wayar N75 ka sake gwajin. Idan babu bambanci ko kaɗan, dama can ba ya aiki. A auna shi da mita, ya kamata ya ba da om 25 zuwa 35, a kuma tabbatar wuta na isowa. VCDS na iya kunna shi ka ji yana ƙyas-ƙyas. Duba kuma ko wani ya taɓa cire tiyoyinsa uku ya mayar da su a juye, abin na faruwa fiye da yadda kake zato a motar da ta bi hannu biyar.

Akwai masu cewa a matse tiyon gwangwanin da filaya a fita a gani ko turbo zai yi turi. Zai yi, ba tare da wani linzami ba, kuma sandunan fistin na injin nan ba sa yafiya. Ni ban ga dalilin yin cacar inji a kan abin da famfon hannu zai gaya maka a tsaye ba. Haɗa ɗan famfo mai agogo a bakin gwangwanin. Sandarsa ta fara motsi a wajen bar 0.3 zuwa 0.4, ta tafi sumul, ta riƙe matsin ba ya sauka, ta koma da ƙarfi idan ka saki. Idan sandar na lilo a hannu, ko goron da ke ɗaure ta ya kwance, ƙofar ba ta rufuwa ruf, hayaƙi na satar hanya. Alamar wannan ita ce matsi na zuwa a makare sosai, sai juyi ya haura 4,000 kafin ka ji wani abu.

Hayaƙin da ke tserewa kafin ya kai turbo ma haka yake yi. Manifol ɗin hayaƙi na mai 225 an san shi da tsagewa. Za ka ji tik-tik da safe wanda ke raguwa idan ƙarfe ya yi zafi ya kumbura, ko ka ga baƙin toka a gefen gaskit.

Sai kishiyar wannan, wato hayaƙin ya rasa hanyar fita. Tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawan Najeriya ke kira indomi saboda kamannin cikinta, tana iya narkewa ta toshe, musamman a motar da ta daɗe tana tsallake wuta. Yadda take nunawa daban ne: ƙasa-ƙasa motar na da ɗan ƙarfi, amma tana hawa tana shaƙewa, matsi na zubewa tun kafin 5,000. Ana tabbatarwa ta hanyar cire sansar hayaƙi ta gaba a ɗaura agogon matsi a ramin. Idan ta tabbata, a canza ta. Fasa cikinta a zubar ba mafita ba ce a Birtaniya, motar za ta faɗi gwajin MOT.

Sai yanzu muka iso kan turbo

Idan bututu ya riƙe iska, bawul ɗin mayarwa lafiya, N75 na aiki, gwangwani na riƙe matsi, salansa a buɗe, to yanzu ka cire babban tiyon shiga ka kai hannu ga farfelar, inji a sanyaye. Kama goron tsakiya ka girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, domin sandar kan mai take shawagi, kuma inji a kashe babu matsin mai. Abin da ba a so shi ne motsi ciki da waje, ko farfela na gogar bango, ko fukafukanta sun gutsure. Haska da tocila ka nemi sheƙin guga a jikin bangon. Ɗan laimar mai a cikin bututu ba hujja ba ce, numfashin inji na kawo shi. Hujja ita ce shuɗin hayaƙi idan ka taka bayan dogon tsayuwa, mai na raguwa babu ɗigo a ƙasa, da kuka irin na jiniya da ke bin juyin inji. Akwai kuma tsagar da kan fito a jikin ƙarfen da ke kewaye da ƙofar hayaƙi, wadda ba a ganinta sai an sauke bututun salansa. Siririya ba ta hana aiki, amma wadda ta hana ƙofar zama daidai ta gama da gidan.

Idan ya tabbata ya mutu, tambayi abin da ya kashe shi kafin ka ɗaura wani. A 1.8T amsar sau da yawa yunwar mai ce. Baƙin mai da aka bari ya daɗe yana daskarewa ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta a ƙasan inji, siririn bututun da ke kai mai ga turbo kuma yana cushewa da gawayi saboda zafin da yake sha. A sauke kaskon mai a wanke ko a canza rariyar, a sa sabon bututun, a wanke lagireton iska don fitar da mai da ɓarɓashin ƙarfe, a zuba mai da filta sababbi. Kafin tayarwar farko a ɗura ɗan mai a bakin shigar sabon turbon a juya farfelar da yatsa, sannan a zare wayoyin kwayil da na allurar fetur a murza inji na 'yan daƙiƙu har mai ya hau. Bayan an gama, a koma rukuni na 115 a sake ɗaukar gwajin giya ta uku, a ajiye shi kusa da na farko.